Alaƙar sauron Dilimi da sankarar jinin yara

A takardun gwamnatin tarayya, zazzaɓin cizon sauro da ciwon sankara ba su haɗa hanya ba. Kowannensu yana da hukumarsa da kasonsa na kasafi da ranar da ake tunawa da shi. Amma a jikin yaron da ke kwana a bakin kogin Dilimi a tsakiyar garin Jos, cututtukan biyu suna iya zama mafari da ƙarshen labari guda. Abin da ya haɗa su shi ne garkuwar jiki, da irin galabaitar da take yi idan aka hana ta hutu shekara da shekaru.

Sankarar da ake magana a kanta ita ce wadda ake kira da sunan Denis Burkitt, likitan tiyatar da ya fara bayyana ta a 1958 yana aiki a asibitin Mulago na Kamfala, a Yuganda. Tana cikin dangin sankarar jini, tana tasowa daga fararen ƙwayoyin jini, ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma takan bayyana da kumburin muƙamuƙi ko na ciki. Saurin girmanta ya wuce misali, domin ƙwayoyinta na iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu. Da Burkitt ya zaga asibitocin gabashi da kudancin Afirka a 1961, ya lura cewa cutar tana bin wuraren zafi da damshi, tana kuma ƙaranci a kan tuddai masu sanyi. Taswirarta ta zo daidai da taswirar zazzaɓin cizon sauro. A 1964 kuma Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairos a cikin ƙwayoyin cutar, wadda aka sa wa suna Epstein-Barr.

Yadda abin ke faruwa ya cancanci a tsaya a kansa. Mafi yawan mutanen duniya suna ɗauke da wannan bairos ba tare da ya cutar da su ba, saboda wani rukuni na dakarun garkuwar jiki yana tsare da shi. Idan zazzaɓi ya shiga jini, jiki yakan tayar da kumburi na kare kai, ya umarci ƙwayoyin da ke ƙera makaman yaƙi da cuta su hayayyafa da gaggawa. A yayin wannan aiki suna yanka da sake ɗinke saƙon gadon da ke cikinsu domin makamin ya dace da abokin gaba. Idan yaƙin na mako ɗaya ne, a gama a huta. Idan kuwa yaro yana tashi daga wannan zazzaɓi ya faɗa wancan, damina bayan damina, ɗinkin yakan yi yawa har a samu kuskure: wani yanki mai ba ƙwaya umarnin girma ya sauka a inda ba za a iya kashe shi ba. A ƙa'ida irin wannan ƙwaya mutuwa take yi. To amma bairos ɗin yana taimaka mata ta rayu, zazzaɓin kuma ya riga ya raunana masu gadin da za su kawar da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan hujja ce ta sa hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2012, ta sanya zazzaɓin cizon sauro na yankunan da ya yi katutu cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa sankara.

Ana iya cewa Jos gari ne mai sanyi, a kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, don haka me ya haɗa shi da wannan? Sanyin Jos bai kori sauro ba. Ruwan da ke kwanciya a gefen kogin Dilimi, da magudanan da shara ta toshe a unguwanni masu cunkoso, da kududdufan da haƙar kuza ta bari a sassan Filato, duk matattara ce. Ban da haka, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana karɓar marasa lafiya daga ƙasashen kwari masu zafi na kudancin jihar da maƙwabtanta. Ga kuma cutar ƙanjamau, wadda ita ma ta hanyar karya garkuwar jiki take buɗe ƙofar sankarar jini.

Gaskiya ne cewa a cikin dubban yaran da ke fama da zazzaɓi, ƙalilan ne ke kamuwa da wannan sankara, kuma bai kamata a firgita iyaye ba. Sai dai ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya ba ta da ikon raina wannan ƙalilan ɗin. Abin da ya fi ciwo shi ne cutar tana jin magani. Tun a shekarun 1960 aka tabbatar da haka a Asibitin Koyarwa na Ibadan, inda aikin Farfesa Victor Anomah Ngu ya sa ya shiga cikin waɗanda suka samu lambar yabo ta Lasker a 1972. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai kashi 30 ba.

Jinkiri ne ke cinye yaran. Kumatu ya kumbura, a ce hangum ne ko ciwon haƙori. A je kemis, a je wurin wanzami ya yi sakiya. Idan aka ambaci daji, sai wani ya ce ai daji ba ya son allura, a ƙaurace wa asibiti. Kafin a isa Lamingo makonni sun shuɗe, a cutar da ake ƙidaya girmanta da kwanaki. Waɗanda suka isa kuma sau da yawa kuɗin gwaji da na magani da na jini ke kora su gida kafin a kammala jinya.

A nan ne alƙalamin ma'aikacin Abuja yake da tasiri. Shirin Kawar da Zazzaɓin Cizon Sauro na Ƙasa ya riga ya shimfiɗa hanyar da ke kaiwa ga cibiyoyin lafiya na matakin farko da masu rabon gidan sauro gida-gida. Ƙara musu darasi ɗaya ba zai ci kuɗin a-zo-a-gani ba: duk yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa ke kumbura da sauri, haƙoransa na girgiɗi, a tura shi babban asibiti a makon, kada a sake ba shi maganin zazzaɓi a sallame shi. Asusun tallafin masu sankara da aka ƙaddamar a 2021 ya fara ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ya kamata Cibiyar Bincike da Kula da Sankara ta Ƙasa da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa su ba sankarar jinin yara gurbi tabbatacce, tun daga gwajin tsoka har zuwa allura ta ƙarshe. Allurar rigakafin zazzaɓi da aka soma a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 ita ma ta cancanci a hanzarta kai ta sauran jihohi, a kuma riƙa rubuta adadin yara masu wannan sankara domin a ga ko yana raguwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cuta cikin sankarar yara shida da ta ba fifiko a shirinta na 2018, da burin kashi 60 cikin 100 su riƙa rayuwa nan da 2030. Wa'adin ya matso. Duk mai shirya wa minista ko ɗan majalisa takardar kasafin lafiya, ya dace ya ajiye layin gidan sauro da layin sankarar yara kusa da juna, ya kare su da hujja guda.