Kada Mu Haddace Fomula Kamar Aku

Kowace shekara in jarrabawa ta matso, sai ka ga ɗalibai sun cika bayan littattafansu da fomula, suna ta bita kamar masu koyon waƙa. A ra'ayina, ɗalibin da ya san yadda aka juya haruffa har fomula guda ta fito ya fi wanda ya haddace ashirin. Bari mu ɗauki misali daga lissafin gudun ruwa.

A ce ga tanki cike da ruwa, aka huda shi kusa da gindi. Da wane irin sauri ruwan zai fito? Wani masani ɗan Italiya mai suna Toriceli, wanda ya yi aiki tare da Galileo, ya buga amsar a shekarar 1644. Ya ce saurin daidai yake da na dutsen da aka saki daga saman ruwan ya faɗo zuwa wurin hujin.

Ga yadda muke fitar da ita a aji. Ƙarfin da ruwa yake da shi saboda tsayi, shi ne yake komawa ƙarfin gudu, wato mgh = ½mv². Harafin m nauyin ruwan ne, h zurfin hujin daga saman ruwa, g jan da ƙasa take yi wa abu, kusan 10, v kuma sauri. Raba ɓangarorin biyu da m, ka sami gh = ½v². Ninka su da 2, ka sami 2gh = v². Sai ka ɗauki tushen kowane ɓangare, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi: v = √(2gh). Mataki uku ke nan. In kana son yawan ruwan da yake fita kowane sakan, sai ka ninka v da filin hujin, A, ka sami Q = A√(2gh).

Wanda ya bi matakan nan da hannunsa ya ga abin da mai hadda bai gani ba. Ya ga m ya fita daga lissafin, saboda haka ruwa da kananzir kusan sauri ɗaya za su fita. Ya kuma san abin da alamar tushen take yi. In h mita 5 ne, saurin mita 10 ne a sakan. In aka ninka h ya zama mita 10, saurin 14 ne kawai. Sai h ya kai mita 20 kafin saurin ya ninka. Kwamitin unguwar da ya kashe kuɗin jama'a wajen ninka tsayin ƙafafun tanki, da zaton ruwa zai ninka, zai sha kunya. Amma in aka ninka faɗin hujin, filinsa zai ninka sau huɗu.

Wasu za su ce lokaci kaɗan ne a ɗakin jarrabawa, hadda ta fi sauri. To, in aka ba ka v aka ce ka nemo h fa? Mai hadda sai ya tsaya yana taunar biro, mai fahimta kuwa nan take ya rubuta h = v²/2g. Shi ne kuma zai tuna abin da aka ajiye gefe tun farko. A zahiri ruwa yana tsukewa in ya fito daga huji mai kaifin baki, har abin da ake samu bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na lissafin ba, dogon bututu kuma yana rage gudu.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malamai, kada mu rubuta fomula a allo ba tare da nuna inda ta fito ba. Ku kuma ɗalibai, ku rufe littafi ku fitar da ita da kanku, layi bayan layi. Sannu ba ta hana zuwa.