Diyyar naƙasa: yawan hoton ƙashi ba shi ne hujja ba

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF alhakin biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, daga kuɗin da ma'aikatu ke zubawa, wato kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashinsu. Sai dai kafin diyya ta fito, wajibi ne likita ya tantance girman naƙasar, kuma a nan ne ake yawan dogaro da hoton ƙashi fiye da kima.

A al'ada, hoto biyu ya wadatar ga mafi yawan karayar hannu ko ƙafa: ɗaya daga gaba, ɗaya daga gefe. Amma abin da ake biyan diyya a kansa shi ne aikin da gaɓa ta rasa: iya lanƙwasuwar gwiwa, ƙarfin riƙon hannu, nisan da mutum zai taka. Waɗannan da gwaji da awo ake gane su. Ƙashi kan haɗe sarai a hoto alhali gwiwar hannu ta sage.

Hasken da hoton gaɓa ke sakarwa jiki kaɗan ne, bai kai na hoton ƙirji ba. Babbar illar tana aljihu da lokaci. Ma'aikacin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, mazaunin Dogo Tebo, idan aka ƙi karɓar hoton da aka yi masa a garin, tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa Damaturu ce a gabansa, da ƙafar da ba ta gama warkewa ba, takardunsa kuma na jira.

Akwai abin koyi daga Kanada. A 1992 Dakta Ian Stiell da abokan aikinsa suka fitar da ƙa'idojin Ottawa, waɗanda ke fayyace wa likita raunin idon sawun da ke buƙatar hoto. Da aka fara aiki da su, ɗaukar hoton ya ragu da sama da kashi ɗaya cikin huɗu.

Irin wannan ƙa'ida tantancewar diyya ke buƙata: a amince da hoton da ke hannu muddin ya fito sosai, duk ƙari kuma likita ya rubuta dalilinsa. Wannan takardar umarni ce daga Abuja, ba ta jiran sabuwar doka ko sabon kasafi.