Darasin Elmina Ga Masu Tsara Kasafin Kuɗi A Abuja

Duk jami'in gwamnatin tarayya da aiki ya kai shi Ghana, ya dace ya ware yini guda ya ziyarci Elmina, garin da ke bakin teku yamma da Accra. A can zai ga katafaren sansanin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, da ƙaramin sansanin St. Jago a kan tudun da ke fuskantarsa. Daga wannan tudu ne 'yan Holland suka girke igwa suka ƙwace Elmina a 1637, sannan suka yi wa tudun gini mai ƙarfi, don kada wani ya biyo musu ta hanyar da suka bi.

Tarihin wurin ya taɓa Hausawa kai tsaye. A 1863 ne John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, wadda sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Bayan Ingila ta karɓi Elmina a 1872, dakarun Hausawa na cikin waɗanda suka gwabza da mayaƙan Asante a bakin garin a watan Yunin 1873. Ghana ta adana waɗannan gine-gine, hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979. Yau ɗalibai da baƙi kan biya kuɗi su shiga, su ji labarin yaƙe-yaƙe da munin cinikin bayi a inda abin ya auku.

Najeriya ma tana da irin wannan gado. Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara a farkon ƙarni na 12, ta girme Elmina da sama da shekara 300. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da ke jiran tantancewar UNESCO, amma damina na zaizayarta, masu gini na ɗibar ƙasarta, masu neman fili na cin gefenta. Ganuwar Zariya da ta Katsina ba su tsira ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyaran ba ya buƙatar ƙwararru daga ƙetare. A Sheda, kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, gwamnatin tarayya tana da Cibiyar Kimiyya da Fasaha mai ɗakunan binciken sinadarai. Ya kamata a haɗa ta da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da magina na gargajiya, su gano yadda ginin ƙasa zai jure ruwa, a kuma auna abin da ya rage na kowace ganuwa a shata iyakarsa.

Wannan aiki yana farawa ne daga teburin daraktoci da hadiman ministoci, inda ake rubuta kasafi. Elmina dutse ce, za ta iya jira. Ganuwa ƙasa ce, kowace damina da rabon da take ɗauka.