Kurjin Korona a Jikin Baƙar Fata

A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta turnuƙe arewacin Italiya, wani likitan fata a garin Lecco mai suna Sebastiano Recalcati ya bi majinyata 88 yana duba jikinsu. A jikin 18 daga cikinsu ya tarar da ƙuraje, galibi a ƙirji da baya. Mafi yawa jajayen tabo ne, wasu borin jini, mutum ɗaya kuma ƙuraje masu ruwa irin na ƙarambau. Kafin wannan, hankalin duniya duk yana kan tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi.

Ba a jima ba likitocin Sifaniya suka tattara bayanan mutum 375. A nan aka ga abin da ya fi ɗaure kai: yatsun ƙafa su kumbura, su yi ja ko shunayi, suna ƙaiƙayi da zafi kamar wanda sanyin hunturu ya ci. Kusan kashi 19 cikin 100 na mutanen ne suka nuna haka, yawancinsu yara da matasa waɗanda cutar ba ta ma kwantar da su ba.

Sai dai akwai wani giɓi a duk wannan ilimi, kuma shi ne ya kamata ya dami Bahaushe. A 2020 Dakta Jenna Lester ta Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinta suka duba hotuna 130 da mujallun likitanci suka buga na kurjin korona. Kashi 92 cikin 100 na farar fata ne. Na baƙar fata sosai kuwa, ko guda babu. Ke nan likitan da ke Kano ko Damagaram, idan ya buɗe mujalla, abin da ake koya masa shi ne ya nemi "ja", alhali a jikin majinyacinsa kurjin ba ja yake fitowa ba. Duhu yake ƙarawa, ko ya yi shunayi-shunayi, ko toka-toka, wani lokaci sai an shafa an ji tudu da ɗumi kafin ido ya gani. Wannan rashin adalci ne a ilimi, kuma ba da korona ya fara ba. Shi ya sa Malone Mukwende, ɗan asalin Zimbabuwe da a lokacin yake karatun likita a Landan, ya zauna da malamansa suka haɗa littafin alamomin cututtuka a jikin baƙar fata, domin abin da ya nema a aji bai samu ba.

Allurar rigakafin korona ma ta bar alamu a fata. Wasu da aka yi wa allurar Moderna, sai bayan mako guda cur, damtsen ya kumbura, ya ɗau zafi, ya yi ta ƙaiƙayi, faɗin wurin ya kai tafin hannu ko ya fi. Mutum ya manta da allura, sai ga hannu ya tashi. Wata rajista ta likitocin fata a Amurka ta tattara larurorin fata iri-iri 414 da suka biyo bayan rigakafi zuwa farkon 2021. A cikin waɗanda abin ya same su a allurar farko, ƙasa da rabi ne ya sake dawo musu a ta biyu, kuma cikin 'yan kwanaki yake bajewa.

Najeriya ta karɓi allurar Moderna wajen miliyan 4 a watan Agustan 2021. A ƙasar da har yanzu ba a manta da gwajin maganin Trovan na 1996 a Kano ba, hannun da ya kumbura babu bayani ya isa ya hana unguwa guda fita rigakafi. Wanda ya tsorata yana da hujjarsa. Laifin yana kan wanda ya soka allura bai ce uffan ba.

Akwai kuma matan da suka warke daga korona, bayan wata biyu ko uku suka ga gashi yana bin mataji da yawa. Zazzaɓi mai tsanani ne ke jawo hakan, kamar yadda haihuwa kan yi, kuma gashin kan dawo.

Abin da ba a jira da shi daban ne. Idan leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya sarƙe jim kaɗan bayan allura, asibiti za a nufa nan take. Dalilin zaman minti 15 da ake sa mutum ke nan. Haka yaron da ya haɗa zazzaɓi mai naci da ƙuraje da jan ido da tsagewar leɓe.

Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna ganin baƙar fata kullum. Su ɗauki hotuna da izinin majinyata, su buga, su koyar da ɗalibansu da su.