A Ba Baƙinmu Na Nijar Takardar Zama

Duk wanda ya tashi a Kankiya ko Kusada, kamar ni, ya san 'yan ci-rani daga Maraɗi da Damagaram: masu ga-ruwa, masu gadi da masu shayi. Wasunsu sun yi aure a cikinmu, sun hayayyafa, alhali ba su da takardar izinin zama.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba. To, Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma sassaucin da aka yi wa 'yan ƙasarta na wucin gadi ne. Ke nan makomar waɗannan bayin Allah tana lilo.

Korar baƙi da gwamnatin Shagari ta yi a 1983 ba ta farfaɗo da tattalin arziki ba. A ganina, kamata ya yi Hukumar Shige da Fice ta sake buɗe rajistar baƙi irin ta 2019, dagatai su tantance, a ba na kirki izini.

Masu fargabar 'yan bindiga suna da hujja, amma baƙon da aka san sunansa da masaukinsa ya fi sauƙin sa wa ido. Kada kuma mu manta, Katsinawa ne suka kafa Maraɗi.