JIF BA TA GYARA HANYA, TSALLAKE RAMI KAWAI TAKE YI

Jama'a, yau kan manyan motocin nan zan yi magana, Land Cruiser da Prado da Lexus da 'yan uwansu, waɗanda mu dai duk jif muke ce musu. Na san tun ban yi nisa ba wani zai rubuto a ƙasa cewa hassada ce, ma'aikaci ya ga abin da albashinsa ba zai saya ba. To na ji. Amma a daure a karanta har ƙarshe, in ya so sai a zage ni da hujja.

Mu fara da asalinta. Ita jif ba don zuwa ɗaurin aure aka ƙirƙire ta ba. Motar yaƙi ce. A 1941 kamfanin Willys ya fara ƙera wa sojojin Amurka ita, ƙarama, ba ƙofa ba kwalliya, don ta ratsa taɓo da yashi a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 Turawan Ingila suka fito da Land Rover, kuma manomi suka nufa da ita, wanda zai shiga gona ya ja kaya. Toyota ta yi tata a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Duk abin da ya bambanta ta da sauran motoci na aiki ne: injin yana juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, cikinta ya yi nesa da ƙasa, tana da ƙaramar giya ta fita daga taɓo ko hawa tudu, jikinta kuma a kan ƙarfen shasi mai kauri yake zaune kamar na babbar mota. Shi ya sa dattawanmu suka san Land Rover da malamin gona, da malamin dabbobi, da masu allurar rigakafi, da 'yan sanda. In an gan ta a ƙauye, an san aiki ne ya zo.

Daga 1970, da aka fito da Range Rover, sai aka fara haɗa ƙarfin daji da kujerar falo. Prado ta biyo baya a 1990. A 1992 Amurkawa suka ɗauki motar soja sukutum suka sayar wa farar hula da sunan Hummer. Daga nan mota ta tashi daga kayan aiki ta koma babbar riga. Mu kuwa a nan, da muka karɓa, sai muka ƙara mata baƙin gilashi da jiniya.

A jihar nan tamu ta Kaduna ya kamata abin ya fi yi mana ciwo. A Kakuri aka kafa kamfanin Peugeot, wanda ya fara haɗa motoci a 1975. Zamanin mulkin soja na Obasanjo, Fijo 504 ce motar gwamnati, daga babban sakatare har sama. Ana haɗa ta a Kaduna, yaranmu suna cin abinci a ciki, kuma ba inda ba ta shiga a ƙasar nan. Hanyoyin wancan lokacin ba da zinariya aka shimfiɗa su ba, amma ba wanda ya ce mutuncinsa ya zube don ya hau 504.

Yanzu ku dubi inda muka kai. A watan Oktoba na 2023, wata biyar kacal bayan an cire tallafin man fetur an ce talaka ya ɗaure ciki, Majalisar Tarayya ta saya wa 'ya'yanta manyan jif. Jaridu sun ruwaito kowace ɗaya ta kai wajen naira miliyan 160. 'Yan Majalisar Wakilai su 360 ne, wato naira biliyan 57.6 ke nan, ba a sa sanatoci 109 a lissafi ba. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ku buga a wayarku: masinjan ofishinmu sai ya yi shekara 444 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin mota ɗaya. Ko da sabon albashin 70,000 na 2024 aka lissafa, shekara 190 ce. Da aka yi ca a kansu, Sanata Sunday Karimi, shugaban kwamitin ayyukan Majalisar Dattawa, ya fito ya kare abin, kuma cikin hujjojinsa har da cewa hanyoyin Nijeriya ba su da kyau.

Wannan hujjar ita ce gaba ɗaya matsalar. Wa aka zaɓa ya tsara kasafin da za a gyara hanyar? Mutum ya ga ɗakin gidansa yana yoyo, maimakon ya nemo kwano, sai ya ɗebi kuɗin cefane ya saya wa kansa lema, iyali kuma su kwana a jiƙe. Babba in yana hawa ƙaramar mota, duk ramin da ya faɗa sai ya ji shi a ƙugunsa, gobe ya kira injiniya. In yana cikin Land Cruiser, gilashi a rufe, sanyi na busawa, ramin da ya karya wa ɗan acaba ƙafa shi ko shayinsa ba zai zube ba. Mun saya wa shugabanninmu maganin jin zafinmu da kuɗinmu.

Mu nan Gubuchi da Makarfi da Ikara da Kudan mun san wanda yake buƙatar mota mai ƙarfi. Manomin rake ne da zai fito da kaya daga fadama. Mai tumatir ne da kwandunansa za su ruɓe in motar ta kafe kwana ɗaya a taɓo. Mace mai naƙuda ce a ƙauyen da in ruwan Agusta ya sauka sai babur, wani lokacin sai amalanke. Malamar asibiti ce mai ɗauke da akwatin rigakafi. Waɗannan su aka ƙera wa jif tun asali. Amma a yau tsohuwar a-kori-kura da ta girmi direbanta ita ke shiga daji, ita kuwa Land Cruiser sabuwa dal tana kan kwalta tsakanin Kaduna da Abuja, ƙaramar giyarta ko sau ɗaya ba a taɓa sa ta ba har a sayar.

Sai batun muhalli, wanda mutanenmu suke ɗauka zancen Turawa ne. Land Cruiser ta kai nauyin tan biyu da rabi, Corolla kuwa ba ta kai tan ɗaya da rabi ba. Mutum ɗaya mai kilo saba'in zai je ofis, sai a tayar da tan biyu da rabi na ƙarfe don a kai shi. Babbar mai injin V8 tana shan kusan ninki biyu na man da Corolla ke sha a tafiya ɗaya, tankinta kuma ya haura lita 100. A lokacin da lita ta kai naira 1,000, cika tanki sau ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. In motar gwamnati ce, kun san aljihun da ake zarowa. Kowace lita ɗaya ta fetur da aka ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ita ce babbar mai jawo ɗumamar yanayi. Tanki ɗaya ke nan ya haura kilo 230. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya irin waɗannan ne, kuma da a ce su ƙasa ce, da su ne na biyar a duniya wajen fitar da wannan iska, sama da tan biliyan ɗaya a shekara.

Wani zai ce Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, don haka a bar manyanmu su sha iska. Gaskiya ne ba mu muka ɓata sama ba. Amma mu ne a sahun gaba wajen biya. Manominmu ne yake shuka ruwa ya ɗauke masa mako uku, shi ne kuma ambaliya ke cinye wa gona daf da girbi. Da wane baki za mu je taron duniya mu nemi diyya, alhali ayarin mutum ɗaya a gida yana ƙone man da zai ba gonakin gari guda ruwa da rani? Tun da fetur ya tashi, masu noman rani nawa muka sani da suka rage fili don injin ban ruwa ya fi ƙarfinsu?

Kuma ba sai an je sama ba, hayaƙin yana nan a hancinmu. Yawancin jif ɗin da matsakaitan masu kuɗi ke hawa 'yan Kwatano ne, waɗanda suka gama rayuwarsu a Turai da Amurka. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. Da yawa kafin su iso hannun mai saye an cire musu matatar hayaƙin da ke cikin salansa an sayar. Ƙara da ƙurar da ayari ke tayarwa a hanyar burji da rani, ta sauka kan tsire da ƙosai da garin da mata suka shanya a bakin hanya. A kan kwalta kam tirela da tifa ne ke yin babbar ɓarna, wannan ba a musu. Amma a hanyar ƙasa da damina, jif mai faɗin taya in ta kutsa da ƙarfi sai ta bar kwari biyu, ruwa ya bi, gobe ƙaramar mota ba ta iya wucewa.

Ga kuma rai. Gaban wasu motocin nan ya fi yaron firamare tsawo, direba ba ya ganin abin da ke daf da shi. Ƙaramar mota in ta bugi babba, a ƙafa take samunsa. Jif a ƙirji take duka, yaro kuwa a ka. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano a 2023 cewa motar da gabanta ya haura inci 40 ta fi mai ƙasa-ƙasan gaba yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. Can fa akwai gefen titi na masu tafiya. Mu kuwa a Tashar Yari da ranar kasuwar Makarfi, titin shi ne kasuwa, shi ne hanyar 'yan makaranta, shi ne wurin 'yan talla.

To batun tsaro fa? Na yarda akwai wanda aikinsa yake buƙatar mota mai sulke, kuma ba mai hankalin da zai hana soja da ɗan sanda Hilux. Amma mota nawa ce cikin waɗannan take da sulke? In hanya ba lafiya, maganinta a tsare hanyar don kowa. Ba a bar mutum goma sha takwas cikin bas da addu'a kawai ba, mutum ɗaya kuma ya wuce da jiniya.

Wanda ya saya da guminsa, ba ni da ikon hana shi, Allah Ya sanya alheri. Sai dai ko a ƙasashen da ake ƙera motoci an fara cewa mai babbar mota ya biya gwargwadon wurin da ya ci. A Fabrairun 2024 mutanen birnin Paris suka kaɗa ƙuri'a aka ninka wa manyan motoci kuɗin ajiye mota sau uku. Rigimata da wadda aka saya da kuɗin jama'a ce. Mu ma'aikata tun 2003 aka ce mana an mayar da motar ofis kuɗi a cikin albashi, kowa ya ji da kansa. A 2017 kuma aka sa hannu a umarnin shugaban ƙasa cewa hukumomi su fifita kayan gida wajen saye. Dokar ta tsaya a kan ƙananan ma'aikata, manya ta yi musu kwana.

Mu ma talakawa muna da namu kason. Mu ne muke miƙewa tsaye in baƙar jif ta tsaya a wurin ɗaurin aure, malamin da ya koyar da mu kuma ya zo a kan babur ko tabarma ba a matsa masa ba. Mu ne muke cewa wane ya yi shekara huɗu a kujera ko Prado bai yi ba, kamar wani abin kunya. Ɗan siyasa yana jinmu. Abin da muke tafa wa shi yake saye.

Abin da nake kira a kai kaɗan ne. Duk wata jif da za a saya da kuɗin gwamnati, a faɗi kuɗinta da aikin da za ta yi a fili. Mota mai ƙarfi ta fara zuwa asibitin karkara da malaman gona da jami'an tsaro kafin ta je gidan kowa. Mai son ta alfarma ya karɓi rance a cire a albashinsa kamar yadda ake yi mana. A sa wa ayari iyakar gudu a cikin gari. Mu kuma, ranar da suka dawo neman ƙuri'a, kada mu tsaya ƙirga motocin da suka zo da su. Mu tambaye su kwalbati nawa kuɗin mota ɗaya zai yi, kuma me ya hana a yi.

Wanda yake ganin ba haka ba ne, fili ga shi nan a ƙasa, amma a zo da lissafi. Allah Ya ba mu shugabannin da za su ji ramin da muke faɗawa. Amin.