Motocin CNG da Tukunyar da Aka Yi wa Walda: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wannan ne ya sa direbobin haya da masu adaidaita sahu da masu motocin gida suka fara juya ababen hawansu zuwa iskar gas ta CNG, gwamnatin tarayya kuma ta kafa shiri na musamman don ƙarfafa hakan. Sauƙin kuɗin gaskiya ne. To amma a watan Oktoba 2024, a wani gidan sayar da CNG da ke birnin Benin na jihar Edo, wata mota ta yi bindiga ana tsakar cika mata gas, mutane suka ji munanan raunuka. Jami'an shirin gwamnati sun ce tukunyar da ke motar ba wadda aka amince da ita ba ce, an yi mata walda.

Za ka iya tambaya: mene ne ruwan likita da walda? Amsar ita ce, walda in ta ɓaci, asibiti ake kawo sakamakonta. Wani lokacin mai waldar ne ake kawowa, wani lokacin wanda ya saya, wani lokacin kuma yaron da ke wucewa.

Me ya sa tukunyar CNG ba ta karɓar walda?

Ana auna ƙarfin matsin iska da wani ma'auni da ake kira bar. Tayar ƙaramar mota tana ɗauke da bar 2 zuwa 2.5. Tukunyar gas ɗin girki da ke gidanka yawanci ba ta kai bar 15 ba, ko da a zafin bazara. Ita kuwa CNG ana danna ta cikin tukunya a kan bar 200, wato kusan ninki ɗari na iskar taya.

Saboda haka ake ƙera tukunyar CNG ta ƙarfe daga ƙarfe guda mai kauri, ba haɗi ko ɗaya a jikinta. Tukunyar gas ɗin girki kuwa, duba ta da kyau, za ka ga layin walda ya zagaye cikinta. An yi shi a masana'anta, an gwada shi, kuma ya dace da ɗan matsin da aka yi shi domin sa. Idan aka ɗauki irin wannan tukunya, ko aka naɗe farantin ƙarfe aka yi masa walda a bakin titi aka sa a but ɗin mota, an ajiye bam a bayan fasinjoji ke nan. Wannan ba batun gwanintar mai walda ba ne. Ko gwanin gwanaye ne ya yi ta, ba ta da aminci.

Kafin ka yarda a juya maka mota, ka nemi ganin tukunyar da idonka. Idan ka ga layin walda a jikinta, ka fasa. Tukunyar ainihi tana da rubutu da aka buga a jikinta: sunan masana'anta, lambarta, ranar da aka ƙera ta, matsin da take ɗauka da lokacin da za ta daina aiki. Ka je cibiyar da gwamnati ta tantance, ka karɓi takarda. Haka nan gas ɗin girki: hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ce shekara 15 ce iyakar rayuwar tukunya. Wadda ta huje ko ta lotsa ko tsatsa ta ci gindinta, ba a kai ta wurin mai walda, sauya ta ake yi. In kana zargin yoyo, shafa ruwan sabulu ka ga ko zai yi kumfa. Kada ka gwada da ashana.

Waldar da idonka zai iya dubawa

Yawancin waldar da kake hulɗa da ita ba ta tukunya ba ce. Ƙofar gida ce, da ƙarfen matakalar bene, da gadon yara, da keken guragu, da ƙarfen da ake ɗora tankin ruwa a kai. Ka tuna lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan guda ne. Tankin lita 2,000 a saman ƙarfe mai raunin walda, yara na wasa a ƙarƙashinsa, ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ka duba aikin kafin a shafa fenti, domin fenti na ɓoye aibi. Ka sa a kankare ɓawon da ke rufe waldar, sannan ka lura da waɗannan:

Walda mai kyau tana tafiya a jere, faɗinta ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ta narke ta shige cikin ƙarafan biyu. Idan ta tsaya dunƙule-dunƙule a sama kamar an ɗiga kakin zuma, ba ta kama ba.

Tsaga, komai ƙanƙantarta, ba a yafe ta. Tsaga ƙaruwa take yi duk lokacin da nauyi ya hau.

Ƙananan ramuka kamar na soso alama ce ta cewa iska ta shiga, sau da yawa saboda tsatsa ko mai ko fenti da ba a goge ba, ko sandar walda da ta jiƙe.

Rami da ya bi gefen waldar yana nufin wuta ta yi yawa ta cinye ƙarfen, wurin ya yi siriri.

Ɗige biyu ko uku a kusurwa, riƙo ne na wucin gadi. Abin da zai ɗauki nauyi, walda ake zagaye shi da ita.

Sai dai ido na da iyaka. Walda kan yi kyau a waje alhali cikinta da rami. Shi ya sa a aikin bututun mai da manyan tankuna ake ɗaukar hoton walda da irin hasken da muke ɗaukar hoton ƙashi, ko a duba ta da na'urar sauti mai kama da ta sikanin. Shagon unguwa ba shi da waɗannan. Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce: ƙofa da gado da ƙarfen tanki, duba da idonka, duk abin da ke riƙe iska mai matsi, bar wa masana'anta.

Shi mai waldar fa?

Matsin tattalin arzikin da ke sa mai saye neman araha, shi ne ke sa mai walda aiki ba kayan kariya. Idan kai ne mai sana'ar, ko ɗanka ne ke koyo, ga abubuwan da muke gani a asibiti.

Ƙunar ido. Hasken walda na ƙona fatar baƙin ido. Ciwon ba ya zuwa nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, yawanci cikin dare: ido ya yi ja, hawaye, a ji kamar an zuba yashi. Yakan warke cikin kwana 1 zuwa 3. Kada a ɗiga nonon mace ko ruwan albasa ko ruwan sukari, kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis ba tare da likita ya duba ba, don wasu na hana ciwon warkewa. Baƙin tabarau na kasuwa ba kariya ba ne. Waldar lantarki na buƙatar garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 13, yaron da ke riƙe ƙarfe shi ma yana buƙata.

Ɓarɓashin ƙarfe a ido. Kada a murza, kada a cire da tsinke ko maganaɗisu. A rufe idon a tafi asibitin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano. Duk wanda ya taɓa aikin ƙarfe ya faɗa wa likita kafin a yi masa hoton MRI, domin na'urar na iya motsa ƙarfen da ya ɓuya a ido.

Hayaƙi. A 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin huhu. Waldar ƙarfe mai rufin zinki na kawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan awanni, har a ɗauka maleriya ce. Yakan tafi cikin kwana biyu. Shaƙar sinadarin manganis na shekaru na iya kawo rawar hannu da nauyin tafiya. Shan madarar gwangwani bayan aiki ba ya wanke huhu. Abin da ke kariya shi ne aiki inda iska ke kaɗawa, kawar da kai daga hayaƙin, sa abin rufe hanci mai tace ƙura, da barin taba. Tarin da ya wuce mako biyu, a je a yi gwajin tarin fuka.

Tankin mai da ganga. Tankin da "babu komai ciki" ya fi cikakke haɗari, domin tururin mai ne ke fashewa. Ɗauraye shi da ruwa sau ɗaya bai isa ba.

Idan abin ya faru

Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa man goge baki, ƙwai, manja, gishiri ko baƙin mai. A garzaya asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita, ko ta shafi fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko yaro ne, ko wutar lantarki ce, ko murya ta dushe. Wanda fashewa ta rutsa da shi, ko da ya tashi da ƙafarsa, a kai shi a duba, domin raunin huhu da na ciki da fashewar dodon kunne kan ɓoye na wasu awanni. A tambayi allurar tetanus.

CNG ba abin gudu ba ce, ƙasashe kamar Indiya da Pakistan da Iran sun daɗe suna amfani da ita. Sana'ar walda kuma tana ciyar da gidaje masu yawa. Abin da ya rage shi ne hukumomi su sa gidajen gas su duba kowace tukunya kafin su cika ta, ƙungiyoyin masu walda su hana 'ya'yansu karɓar irin wannan aiki, kai kuma mai saye ka duba kafin ka biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jinyar ƙuna kan ɗauki watanni, kuma kuɗinta kan ninka abin da aka rage maka a wurin mai tukunyar.